Yadda Ake Cire Sukurun Da Ya Karye A Cikin Katako Ba Tare Da An Ɓata Katakon Ba

Tun da ruwa ya ɗauke mutane suka koma kan gyaran ƙofofi da tagogin da damina ta kumbura, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: sukuru ya karye a cikin katako, ko kansa ya cinye ya ƙi juyawa, yaya za a yi ya fita? Wani a hinjin ƙofar ɗaki abin ya same shi, wani a ƙafar gado, wata kuma a murfin kabad ɗin kicin. Amsar ba ɗaya ba ce, domin karyewar ma ba iri ɗaya ba ce. Abin da ya haɗa su duka shi ne, sukurun ba shi da wata daraja, katakon shi ne dukiyar. Saboda haka na jera matakan nan daga wanda ba ya taɓa katakon ko kaɗan zuwa wanda sai an huda shi. Ka bi su a jere, ka fara daga wanda ya dace da irin karyewar da ta same ka, kada ka tsallaka zuwa na gaba sai na baya ya gagara.

1. Ajiye sukudireba, ka duba irin karyewar

Da zarar ka ji sukudireba ta zame, ko ka ji ƙarar "ƙas" hannunka ya tafi a banza, tsaya nan. Juyi biyu ko uku da mutum ke ƙarawa cikin fushi su ne ke mayar da ƙaramin aiki babba.

Goge wurin da tsohon buroshin haƙori, ka haska da fitilar waya, ka duba da kyau. Ɗaya daga cikin huɗun nan za ka gani. Ko dai kan yana nan amma tsagarsa ta cinye ta zama rami mai santsi. Ko kan ya fita, guntun jikin ya leƙo sama da fuskar katakon. Ko ya karye daidai da fuskar katakon. Ko kuma ya karye can ƙasa, rami kawai kake gani.

Duba launin wurin da ya karye. Idan yana ƙyalli fari tas, sabuwar karaya ce, ƙarfi ne ya yi masa yawa wajen ɗaurawa, kuma akwai fatan zai juya idan ya samu mariƙi. Idan ja ne ko baƙi-baƙi, tsatsa ta riga ta ci shi ta manne shi da katakon, sai ka shirya wa matakan ƙarshe. Idan kuma baƙin sukuru ne siriri mai tsini, irin wanda aka yi don ɗaura allon silin amma ake ɗaura komai da shi saboda arha, ka sani ƙarfensa mai tauri ne ƙwarai, ba ya lanƙwasa sai dai ya karye, kuma huda shi da wuya.

Sannan ka san katakonka. Obeche da malaina masu taushi ne, suna sakin sukuru cikin sauƙi amma suna saurin lotsawa. Loko, maɗaci, kirya da maɗobiya masu tauri ne, a cikinsu sukuru ya fi karyewa, kuma idan sun riƙe ba sa saki. Allon MDF da na garin katako da aka matse kuma ba sa jure tono, gefensu marmashewa yake yi.

2. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Ba sai ka sayi komai a rana ɗaya ba. Na matakan farko kusan kowane gida akwai su: sukudireba mai sita da mai falat, guduma, robar ɗaure kuɗi mai faɗi, kyandir, ƙusar kankare guda ɗaya, salatif na takarda. Waɗannan kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Sai na tsakiya: filaya mai kulle, ruwan zarton ƙarfe, ƙaramin magagari mai kusurwa uku, ƙaramin cizal, farin gam na katako irin su Top Bond, da sanfefa. A nan shawarata ɗaya ce, ka zuba kuɗinka a filaya mai kulle. Mai arhar cikinsu haƙoranta ke fara cinyewa kafin sukurun ya motsa. Kafin ka biya, kulle ta a jikin ƙusa a nan gaban mai shago, ka murɗa; idan ta zame, mayar masa.

Mai tsadar shi ne diril da bit ɗinsa, wato tsinken hujin da ake ɗaura masa, da kuma saitin ekstirakta, ƙarfen da aka ƙera musamman don zaro sukuru. Idan don sukuru ɗaya ne, kada ka sayi diril, ka ara, ko ka ɗauki kayan ka kai wa kafinta. A Jos, 'yan kayan aiki na Dilimi da na kasuwar Bildin Matiriyal da ke hanyar Bukuru suna da waɗannan kaya, yankakken katakon toshe rami kuma a Kasuwar Katako da ke Laranto za ka tsince shi a gaban masu inji, sau da yawa kyauta ko da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ka tafi da kan sukurun da ya karye a aljihu. Ka miƙa wa mai shago ka ce, "Alhaji, irin wannan nake nema, amma wanda ya ɗan fi shi kauri," ya fi maka dogon kwatance.

Gargaɗi: duk matakin da ya shafi huda ƙarfe ko dukansa, ka sa tabarau. Ɓarɓashin ƙarfe a ido ba abin wasa ba ne.

3. Kafa katakon, ka sassauta sukurun

Katakon da ke rawa ba a yi masa aiki. Idan kujera ce ko durowa, kwantar da ita a kan tebur, ka matse ko wani ya danne maka. Idan ƙofa ce, tura guntun katako a ƙarƙashinta ya ɗauke nauyin, domin nauyin ƙofa yana danne sukurun hinji ta gefe ya hana shi juyawa. In za ka cire ƙofar gaba ɗaya, fara da hinjin ƙasa ka ƙare da na sama, kuma a samu mai riƙewa. Manna salatif na takarda kewaye da wurin don kada filaya ta kankare fenti.

Idan akwai fenti ko fanish a kan sukurun, kankare shi da tsinin wuƙa har tsagar ta fito, ka zagaye gefen kan ma. Da yawa daga sukurun da ake cewa sun ƙi fita, fenti ne kawai ya riƙe su.

Yanzu ka ɗora sukudireba ko ƙusar kankare a kan sukurun, ka buga da guduma sau uku ko huɗu, bugu mai kaifi amma ba na fasa dutse ba. Girgizar tana raba tsatsa da katako.

Idan tsatsar ta yi yawa, sa masa zafi. Ɗora bakin ƙarfen dalma na masu gyaran rediyo a kan sukurun minti 2 zuwa 3. Ƙarfen zai ɗan buɗe da zafi, ya ture katakon da ke kewaye da shi, idan ya huce ya koma sai ya bar ɗan sarari. Idan da gam a jikinsa ma zafin zai tausasa shi. In babu wuta, gasa babbar ƙusa a garwashi, riƙe ta da filaya, ka danna kanta a kan sukurun, ka maimaita. Gargaɗi: kada ka kai harshen wuta jikin katako, kuma ka share garin katako, ka kawar da tina (ruwan tsinka fenti), fetur da soso daga wurin kafin ka fara.

Batun mai kuma, nan mutane da yawa ke yin ɓarna. Baƙin mai da man gyaɗa suna shiga cikin katako su bar tabo, bayan haka fenti ba zai kama wurin ba, gam ma ba zai kama ba. Idan dole ne, ɗigo ɗaya na man sassauta tsatsa irin WD-40 a bakin tsinke, a jikin ƙarfen kawai. Ruwa kuwa kada ya kusanci wurin, kumbura katakon zai yi ya ƙara matse sukurun. Don haka ma idan kayan sun sha danshin damina, irin na watan Agusta a Jos da bango ma ke gumi, ka bar su kwana biyu a inda iska ke ratsawa kafin ka taɓa.

4. Idan kan yana nan amma tsagar ta cinye

Fara da tabbatar da cewa sukudirebar ta dace. Sita iri biyu ce a kasuwa, kuma suna kama da juna. Wadda aka rubuta wa PH giciye ne zalla. Wadda aka rubuta wa PZ tana da ƙarin ƙananan layuka huɗu a tsakanin giciyen, kuma kan sukurunta ma za ka ga waɗannan 'yan zane. Yawancin sukurun kayan ɗaki masu ruwan zinariya PZ ne, lamba 2. Sa musu PH shi ke cinye kansu. Bakin da ya dace yana zama daram, ba ya lilo.

Shimfiɗa robar ɗaure kuɗi a kan tsagar, ka danna sukudireba a kanta da dukkan nauyin jikinka, ka juya hagu a hankali, ta hannun da ake kwance murfin kwalba. Dannawar ta fi juyawar muhimmanci. Wata dabarar kafintoci ita ce ka fara juya shi dama ɗan kaɗan, kamar za ka ƙara ɗaure shi, sannan ka dawo hagu. Wannan motsin yakan karya riƙon tsatsa.

Idan roba ba ta yi ba, ɗauki sukudireba mai falat wadda bakinta ya kusa cika ramin, ka buga ta da guduma ta yi wa kanta mazauni, ka juya. Idan kan sukurun ya tashi sama da katakon, tsaga masa sabon layi da ruwan zarton ƙarfe, zurfin kamar milimita 1 zuwa 2, ka kwance da falat. Kada ka zurfafa tsagar, kan zai rabe biyu.

Gargaɗi: kada ka yi wannan matakin da diril mai gudu. Cikin daƙiƙa ɗaya zai suɗe ɗan abin da ya rage.

A wannan yanayin ne ekstirakta ta fi amfani, domin kan yana da faɗin da za ta kama. Irin mai baki biyu, baki ɗaya na share rami ne, ɗayan mai zaren hagu ne. Sa diril a baya, a mafi ƙarancin gudu. Share ramin da bakin farko har ya yi santsi, juya ƙarfen, danna bakin na biyu, ka taɓa maɓallin kaɗan kaɗan. Za ka ji ta cije, sai sukurun ya biyo ta.

5. Idan guntu ya leƙo waje

Wannan shi ne mai sauƙin cikinsu, milimita 3 ma sun isa. Goga gefe biyu na guntun da magagari su yi shafe, don filaya ta samu inda za ta zauna. Kulle filayar a kwance, haƙoranta kusa da katakon iya yadda za su kai, ka matse ta sosai har sai ta yi maka wuyar kullewa. Juya hagu kwata, dawo dama kaɗan, sake juya hagu. Kada ka ja sama, kada ka yi lilo da shi gefe da gefe. Lilo ne ke karya guntun a ƙasa ya mayar da kai mataki na 7. Sa ɗan kwali a ƙarƙashin filayar don kada ta zana da'ira a fuskar katakon.

Idan guntun ya kai tsawon rabin inci, akwai hanyar da ta fi wannan: buɗe bakin diril, ka cusa guntun a ciki kamar bit, ka matse, ka sa baya a hankali.

6. Idan ya karye daidai da fuskar katako

Aikinka a nan shi ne ka samar wa filaya wurin kamawa. Ɗauki bit siriri, milimita 2, ka huda ƙananan ramuka kewaye da guntun, manne da jikinsa, zurfin kamar milimita 5 zuwa 6. Sannan ka cire katakon da ke tsakanin ramukan da tsinin cizal ko wuƙa har guntun ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar ɗan rami. Sa filaya mai siririn baki ko bakin mai kulle a tsaye, ka juya kamar yadda aka yi a mataki na 5.

Gargaɗi: bit siriri yana karyewa idan ya goga jikin sukuru aka lanƙwasa shi. Riƙe diril a miƙe, kada ka karkata shi yana ciki. Cizal kuma ka tura shi da hannu, kada ka buge shi da guduma kusa da gefen katako, musamman da hunturu lokacin da katako ya bushe ƙarau, tsagewa zai yi ya bi tsawonsa.

Za ka ji masu cewa a huda tsakiyar guntun a sa ekstirakta. Ga sukuru mai kauri, milimita 6 zuwa sama, irin na ƙafar gado, wannan daidai ne: ka shafe saman da magagari, ka buga ƙusar kankare a tsakiya ta yi ɗan gurbi, ka huda da bit na ƙarfe mai rubutun HSS wanda bai wuce rabin kaurin sukurun ba, a hankali, sannan ka sa ekstirakta. Amma ga sukurun hinji da na kabad, masu milimita 4 ko ƙasa da haka, ban ba ka shawara ba. Cikin jikinsu bai kai milimita 3 ba, bit zai zame ya faɗa katako ya yi maka rami a inda ba ka so. Abin da ya fi muni, idan ekstirakta ta karye a ciki, ƙarfenta ya fi na bit tauri, ba ya huduwa. Ka ji ta fara murɗewa sukurun bai motsa ba, saki.

7. Idan ya karye can ciki: aikin bututu

Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita a katako mai tauri, kuma ita ce mutane suka fi rashin sani. Maimakon ka yi faɗa da ƙarfen, sai ka yanke siririn katakon da ke kewaye da shi, ka zaro su tare.

Nemi bututun ƙarfe siriri wanda cikinsa ya ɗan fi sukurun faɗi. Ga sukuru mai milimita 4, bututun da cikinsa ya kai 5, wajensa 6 zuwa 8, ya yi. Guntun bututun birkin mota a wurin makanikai yana yi, sandar tsohuwar lema ma tana yi idan faɗinta ya dace. Akwai wanda aka ƙera don wannan aikin, mai haƙora a baki biyu, in ka same shi a shago to madalla. Yanke tsawon kamar inci 3. Matse shi, ka fere masa haƙora huɗu zuwa shida a baki ɗaya da magagari mai kusurwa uku. Ka karkata haƙoran su riƙa yanka idan diril yana juyawa baya. Amfanin haka shi ne, sau da yawa kafin ka kai ƙasa bututun yakan cafki sukurun ya kwanto shi da kansa. A ɗaya bakin, wanda zai shiga diril, cusa guntuwar ƙusa mai kauri a ciki don kada matsewar ta lotsa bututun.

Yanzu sai jagoran huji, kuma kada ka tsallake shi. Bututu ba shi da tsini a tsakiya, idan ka ɗora shi kai tsaye zai yi ta yawo a fuskar katakon yana kankare ta. Ɗauki guntun katako mai kaurin inci 1, ka huda shi da bit daidai faɗin wajen bututun. Ɗora shi yadda ramin zai zauna daidai kan sukurun, ka leƙa da fitila ka tabbatar guntun yana tsakiya, sannan ka matse shi da kilam, wato ƙarfen matse katako. A jikin firam ɗin ƙofa inda kilam ba zai kama ba, kafa shi da ƙananan ƙusoshi biyu a wurin da hinji zai rufe daga baya.

Auna tsawon sukurun da ɗan'uwansa da ya fita lafiya, ka haɗa da kaurin jagoran, ka naɗa salatif a jikin bututun a wannan tsawon. Wannan alamar ita za ta hana ka ɓullawa ta ɗaya fuskar, abin da ke faruwa da yawa a murfin kabad da saman tebur.

Sa diril a baya, gudu kaɗan, dannawa kaɗan. Shiga milimita 3 ko 4, ka fito, ka hure garin, ka zungure wanda ya cushe a haƙoran da tsinke, ka koma. Bututu ba ya fitar da gari da kansa, don haka idan ka matsa masa zai yi zafi. A loko ko maɗaci za ka fara jin ƙauri, garin da ke fitowa ya sauya daga ruwan ƙasa zuwa baƙi, wani lokaci har ɗan hayaƙi ya taso daga bakin ramin. Ka ga haka, tsaya, bar shi ya huce, ka sake fere haƙoran idan sun dakushe. Kada ka taɓa bututun da hannu a lokacin. Idan ka ji ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe, ka karkace ne, bututun yana cin zaren sukurun. Fito ka daidaita.

Da ka kai alamar salatif, zaro bututun. Wani lokaci za ka ga ɗan katakon da sukurun a cikinsa, sai ka turo su ta baya da ƙusa. Idan sun tsaya a ramin, sa siririyar sukudireba a gefe ka ɗan tura, gindin zai karye, ka ɗauko da filaya. Haska ramin ka tabbatar babu sauran tsinin sukuru a ƙasa kafin ka sa wani bit a ciki.

Allon MDF ma yana karɓar wannan hanya a fuskarsa, amma a gefensa sai ka matse shi tsakanin katako biyu tukuna, in ba haka ba zai buɗe.

8. Toshe ramin

Daidaita ramin da bit na katako, milimita 8 ko 10, ya zama zagayayye mai tsabta. Fere matoshi daga katako mai tauri, busasshe, ya shiga da ɗan bugu kaɗan. Wanda ya shiga da sauƙi ba zai riƙe ba, wanda kuma sai an dake shi da ƙarfi zai tsaga katakon. Idan wurin da ido ke gani ne, nemi katako irin na kayan, ka daidaita zanen jikinsa da na kewaye. Idan kuma wurin zai ɗauki nauyi, kamar hinjin sama na ƙofa, ka sa mai inji ya yanko maka matoshin ta faɗin katako, ba ta tsawonsa ba, domin sukurun da ya shiga ta kan jijiyar katako bai kai wanda ya ratsa ta riƙo ba.

Tsaga ɗan siririn layi a jikin matoshin daga sama zuwa ƙasa, don iska da rarar gam su samu hanyar fita. Shafa farin gam a cikin ramin da jikin matoshin, buga shi a hankali, goge rarar da ɗanyen tsumma. Bar shi awa 24. Da sanyin Disamba da Janairu a Jos gam yana jinkirin bushewa, don haka ka shigar da kayan ɗaki ko ka ƙara masa yini. Bayan ya bushe, yanke abin da ya leƙo, ka daidaita da cizal, ka goge da sanfefa ta bin tsawon katakon.

Gargaɗi: gam ɗin masu takalma ba na wannan aikin ba ne, yana nan da danƙo ko ya bushe. Garin katako da aka kwaɓa da gam kuma na rufe tabo ne kawai, ba ya riƙe sukuru. Idan sukurun ya fita lafiya ramin ne kawai ya ɗan buɗe, tsinken tsire biyu ko uku da aka tsoma a gam aka cusa sun wadatar.

9. Inda barin sa ya fi

Ba kowane guntu ne sai ya fita ba. Idan a bayan kabad ne ko ƙarƙashin tebur, goge shi da magagari ya yi daidai da katakon, ka huda sabon rami a gefe, nisan kamar santimita 1 zuwa 2, ka ɗaura wani. Idan hinji ne mai ramuka huɗu ɗaya ya karye, kana iya huda sabon rami a jikin hinjin kansa. Hinjin sama na ƙofa mai nauyi dai kada ka bar shi da gurbi, shi ke ɗauke da janta.

Abu ɗaya nake roƙo a nan. Idan katakon zai koma wurin masu inji don a yanka ko a goge shi, ko dai ka cire ƙarfen, ko ka zagaye wurin da jan alli ka gaya musu da bakinka. Ruwan inji idan ya ci karo da ƙarfe yana ɓarewa, ɓaraguzan kuma fuskar yaron da ke tura katakon suke nufa.

10. Ɗaura sabon sukuru

Huda masa hanya tukuna, ko da kana sauri. Sukuru mai milimita 4 yana son ramin milimita 3 a katako mai tauri, 2.5 a mai taushi. Mai milimita 5 yana son 3.5 a mai tauri, 3 a mai taushi. A mai tauri zurfin ramin ya kai tsawon sukurun. Idan katako biyu kake haɗawa, ramin na sama ya kai faɗin sukurun gaba ɗaya, don zaren ya kama na ƙasa kawai ya jawo su su haɗu. A kan matoshi, buga ɗan gurbi da ƙusa a tsakiya kafin ka huda don kada bit ya zame zuwa layin gam.

Goga zaren sukurun a jikin kyandir. Wasu sabulu suke sawa, yana sa santsi amma yana jawo danshi, bayan shekara sai tsatsa. Baƙin sukurun silin ka bar shi a silin, kada ya sake shiga hinji ko gado. Na bayi, kicin da ƙofar waje ka nemi wanda ba ya tsatsa, kuma shi ma ka huda masa hanya domin yana murɗewa ya karye. Idan na tagulla ne na ado, fara ɗaura na ƙarfe mai girmansa ya buɗe zare, ka kwance shi, sannan ka sa na tagullar da hannu.

Idan da diril mai batir kake ɗaurawa, zoben lambobin da ke wuyansa na rage ƙarfi ne. Fara da ƙaramar lamba ka riƙa ƙarawa. Juyi biyu na ƙarshe ka yi su da sukudireba. Idan sukurun ya yi tauri a rabin hanya ko ya fara ƙara, kwance shi, ka ƙara zurfin ramin ko faɗinsa da rabin milimita, ka sake goga kyandir, sannan ka mayar.